Filin Tambayi Likita: Abin da Hoton Ƙashi Ke Gani da Abin da Ke Ɓoye Masa

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan karaya ne da raunin ƙashin baya, kuma kusan kowace wasiƙa tana da ƙorafi ko shakka game da hotunan da likitoci ke tura mutane su ɗauka. Na zaɓi guda shida daga ciki, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba. Tambaya ta farko ce ta fi gaggawa, shi ya sa na ba ta fili fiye da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena mai shekara 24 ya yi hatsarin babur kwana uku da suka wuce, tun daga lokacin ƙafafunsa ba sa motsi, fitsari ma sai da aka sa masa roba. An ɗauki hoton ƙashin bayansa aka ce ba a ga karaya ba, amma duk da haka likita ya ce sai mun kai shi wani gari an yi masa hoton maganaɗisu mai tsada. Dattawan gidanmu suna cewa tunda hoto ya nuna ƙashi lafiya lau, to ciwon ba na asibiti ba ne, a dawo da shi gida. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Shawarata ita ce ku yi hoton da likita ya nema ba tare da jinkiri ba, kuma kada a mayar da shi gida a wannan hali. Zan bayyana maka dalili yadda za ka iya isar wa dattawa cikin ladabi, domin maganarsu ta ginu ne a kan wata fahimta da mutane da yawa ke da ita, wato cewa hoto yana nuna duk abin da ke cikin jiki.

Hoton da aka yi masa da farko shi ne eksire, wanda wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano a shekarar 1895. A haƙiƙa eksire hoton inuwa ne. Wani haske da ido ba ya gani ake harbawa ya ratsa jiki, sai ya wuce ta cikin tsoka da kitse da jini cikin sauƙi, amma ƙashi ya tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, don haka ƙashi ya fito fari a hoton, sauran sassa masu taushi kuma su fito duhu-duhu ba tare da an iya rarrabe su sosai ba. To abin da ke sa ƙafa ta motsa ba ƙashin baya ba ne, laka ce da ke cikinsa, ita kuwa laka taushinta kamar na ƙwaƙwalwa ne, ba ta fitowa a eksire ko kaɗan. Ke nan hoton da ke hannunku bai ce laka lafiya take ba, bai ma gan ta ba.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya: bakwai a wuya, goma sha biyu a daidai ƙirji, biyar a tsatso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakaninsu akwai faifai na guringuntsi da ke rage musu gogayya, igiyoyin nama masu ƙarfi suna ɗaure da su, a bayansu kuma akwai kogo kamar bututu inda laka ke saukowa daga ƙwaƙwalwa har zuwa daidai ƙashin tsatso na farko ko na biyu, daga nan ta rabu ta zama damin jijiyoyi masu kama da jelar doki. A lokacin hatsari, igiyoyin nan suna iya tsinkewa, ƙashi ya zame ya daki laka sannan ya koma mazauninsa kafin a kai mutum asibiti, hoto ya nuna komai a jere alhali ɓarna ta riga ta auku. Faifan guringuntsi yana iya fashewa ya tura cikin kogon, ko jini ya taru ya daskare ya danne laka, ko ita lakar kanta ta kumbura. Tun a shekarar 1982 wasu likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, suka yi bayanin irin wannan rauni a ƙananan yara, inda laka ke lalacewa ba tare da hoton ƙashi ya nuna komai ba, kuma ana ganinsa a manya, musamman tsofaffin da kogon wuyansu ya ƙuntata saboda shekaru.

Akwai kuma yiwuwar cewa karayar tana nan amma eksire bai kama ta ba. Wurin da wuya ya haɗu da ƙirji, alal misali, kafaɗu suna yawan rufe shi a hoto, kuma marar lafiyar da ke cikin azaba ba ya iya kwanciya yadda za a samu hoto mai kyau. Wannan ne amfanin hoton siti, wanda za ka ga an rubuta shi da haruffan CT a takardar likita. Injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urarsa a Ingila, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a Landan a 1971. Ita ma da hasken eksire take aiki, sai dai tana zagaya jiki tana ɗauka ta kowace fuska, kwamfuta kuma ta fitar da hoton yanki-yanki kamar yadda ake yanka albasa, ta yadda za a ga ƙaramar tsaga ko ɓarɓashin ƙashin da ya faɗa cikin kogon laka. Shi kuwa hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa MRI, ba ya amfani da wancan haske sam. Ruwan da ke cikin naman jiki yake bi, shi ya sa yake nuna laka da faifai da igiyoyin nama da taruwar jini filla-filla. A halin da ƙanenka yake ciki, babu wani hoto da zai maye gurbinsa.

Abin da sakamakon zai yanke ba ƙarami ba ne. Idan wani abu ne ke danne laka, tiyata na iya ɗauke shi, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2012 a kan masu raunin laka a wuya ya nuna waɗanda aka yi wa aiki cikin awa 24 sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka jinkirta wa. Na san kun wuce wannan wa'adi, amma hakan ba ya nufin aikin ya rasa amfani, yana nufin kada a ƙara ɓata wata rana. Idan kuma hoton ya nuna kumburi ne kawai ba tare da zubar jini a cikin laka ba, fatan samun sauƙi ya fi yawa. Idan ya nuna igiyoyin da ke riƙe da ƙashi sun tsinke, to an san cewa zaunar da shi ko juya shi ba bisa ƙa'ida ba na iya ƙarasa abin da ya rage. Ka kuma sani cewa a kwanakin farko laka takan yi wani irin suma, ta daina aiki gaba ɗaya daga wurin raunin zuwa ƙasa, don haka duk wanda ya yanke muku hukunci yanzu cewa ba zai sake tafiya ba, ko cewa lalle zai miƙe, ya yi gaggawa.

Game da tafiyar, a yi ta a motar asibiti, yana kwance a kan abu mai tauri, an tallafe wuyansa, idan za a ɗaga shi kuma a samu mutum huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare. Wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa mutanen kirki ne masu niyyar taimako ke ciccibar wanda ya yi hatsari, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, a lanƙwasa shi a cusa cikin Adaidaita Sahu, raunin da ya tsaya rabi ya zama cikakke kafin a isa asibiti. Daga Funtuwa, manyan cibiyoyin da suka fi kusa da ku su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala. Ku roƙi likitanku ya rubuta takardar turawa, ya kuma tuntuɓi inda za ku kafin ku kama hanya. Kafin nan a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada fatar bayansa ta yi gyambo. Addu'a da tofi ba su hana komai daga cikin waɗannan ba, a ci gaba da su. Abin da nake roƙo a hana shi ne tausa mai ƙarfi da jan ƙafa da taka baya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara bakwai ya faɗo daga bishiyar mangwaro, gwiwar hannunsa ta kumbura sosai. Kakansa ya ce a kai shi wurin maɗorin da ya ɗora mahaifin yaron lokacin yana ƙarami, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Shin dole ne sai an yi hoto kafin ɗori? Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. A gwiwar hannun yaro mai waɗannan shekaru, hoto kafin ɗori wajibi ne a wurina, kuma a yi shi yau.

Karayar da ta fi yawa a wannan wuri ita ce wadda ke faruwa a ƙarshen ƙashin damtse, ɗan sama kaɗan da gwiwar hannu. Ta gaban wannan ƙashi babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu take wucewa, tare da jijiyoyin da ke motsa yatsu, don haka bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su ko ya yanke su. Hannun maɗori, komai gwanintarsa, ba ya iya sanin inda bakin ƙashin ya dosa a cikin kumburi. Ba ina raina maɗora ba ne. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, akwai masu basira a cikinsu, kuma yanzu akwai waɗanda da kansu suke cewa a je a ɗauko hoto kafin su taɓa, waɗannan sun cancanci yabo. Sai dai haɗarin da na fi tsoro yana tattare da karan ɗori da ake ɗaurewa tam a kan hannun da bai gama kumbura ba. Idan kumburi ya ƙaru bai samu wurin zuwa ba, jini ya daina isa ga tsoka, cikin awa shida zuwa takwas tsoka ta fara mutuwa. Ƙarshen abin shi ne hannu ya ƙandare yatsu su lanƙwashe har abada, yanayin da likita Bajamushe Richard von Volkmann ya bayyana tun a 1881, ko kuma hannun ya ruɓe har a kai ga yankewa. Alamominsa su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihu idan an miƙar da yatsun yaron, sanyin yatsu ko canjin launinsu, da jin dindiris. Duk wanda ya ga haka, ko ɗorin gida ne ko filastar asibiti, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ki sani game da hoton kansa. Na farko, hoto ɗaya ba ya isa, ana ɗauka ne ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, domin ƙashin da ya goce baya yana iya fitowa a miƙe idan ta gaba kawai aka dube shi. Na biyu, gwiwar hannun yaro yawancinta guringuntsi ce da ba ta fitowa a eksire, kuma akwai wurare shida da ƙashi ke tsirowa a cikinta ɗaya bayan ɗaya tun daga shekara ta farko har zuwa wajen shekara goma sha biyu, saboda haka wanda bai saba ba yana iya ɗaukar mahaɗar girma a matsayin karaya, ko ya ɗauki karaya a matsayin mahaɗar girma. Shi ya sa wani lokaci likita kan sa a ɗauki hannun mai lafiya don kwatantawa, kada ki ɗauka kuskure aka yi. Idan hoto ya nuna ƙashin bai goce ba, filasta ta mako uku zuwa huɗu takan wadatar, a sake hoto bayan kamar mako guda don a tabbatar bai zame ba. Idan ya goce, ana gyara shi ne bayan an sa yaron barci, a riƙe shi da siraran ƙarafa da ake cirewa bayan 'yan makonni. Wanda aka bari ya haɗe a karkace, hannun yakan fito a bauɗe idan yaro ya miƙe shi, gyaran kuma sai da babbar tiyata daga baya. Ki nemi mahaifin yaron ya yi wa kakan magana, ya ce masa hoton kawai za a fara ɗaukowa, babu dattijon da zai ƙi a san abin da ke damun jikansa.

Tambaya: Na faɗi a filin ƙwallo na dafa ƙasa da tafin hannu. An yi hoto aka ce babu karaya, amma likita ya sa mini filasta ya ce in dawo bayan mako biyu a sake hoto. Idan babu karaya, filastar ta mece ce? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Likitanka ya yi aiki da ilimi, ka bi umarninsa. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas, ɗaya daga cikinsu mai siffar kwale-kwale yana gindin babban yatsa, kuma shi ne ya fi karyewa idan an faɗi an dafa ƙasa. Tsagarsa takan yi siririyar da hoton ranar farko ba ya kama ta, sai bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da jiki ya fara narkar da bakin tsagar don ya soma gyara, sannan layin ya bayyana. Abin da ya sa ba a wasa da wannan ƙashi shi ne jini yana shigarsa ne ta ƙarshensa na wajen yatsu ya komo baya, don haka idan ya karye a tsakiya aka ci gaba da aiki da hannun, rabin da ke baya yana iya rasa jini ya mutu, mutum ya kwashe shekaru da ciwon wuyan hannu. Mai yiwuwa likitan ya danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsanka ka ji zafi, wannan ya isa dalilin filasta. Hoton maganaɗisu yana iya warware shakkar cikin 'yan kwanaki ga mai hali, amma filasta da haƙurin mako biyu sun fi araha kuma suna kai wa ga manufa ɗaya. Irin wannan ɓoyayyar karaya tana faruwa a kwatangwalon tsofaffi, don haka idan Baba ko Iya suka faɗi suka kasa taka ƙafa, kada a gamsu da eksire ɗaya da ya ce babu komai.

Tambaya: Likita, ina da ciki wata huɗu, na gurɗe a idon sahu har ba na iya takawa. An ce in yi hoto, amma na ji ana cewa hoto yana nakasa jariri, wasu ma suna cewa yana shan jini ko ya hana haihuwa. Me zan yi? Daga wata mai karatu a Gombe.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, Hajiya. Ki yi hoton, ki kuma sanar da ma'aikacin ɗakin hoto cewa kina da juna biyu kafin ki hau gado. Maganar shan jini ba ta da asali, haka ma maganar cewa hoton ƙafa yana hana haihuwa. Gaskiyar da ke cikin tsoron mutane ita ce hasken eksire idan ya yi yawa yana cutar da ƙwayoyin halitta, saboda haka ake auna shi da wani ma'auni da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, ko da bai taɓa taka asibiti ba. Hoton idon sahu ko na hannu kimanin 0.001 ne, wato bai kai abin da kike samu a yini ɗaya kina zaune a ɗakinki ba, kuma hasken yana nesa da mahaifa. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, na tsatso kimanin 1.5, siti na ciki kuwa yakan kai wajen 10, shi ya sa ba a yin sa ga mai ciki sai da dalili mai ƙarfi. Masana sun daidaita a kan cewa abin da bai kai 50 ba a jikin ɗan tayi ba a san shi da haddasa nakasa ko ɓari ba.

Ba kowace gurɗewa ke buƙatar hoto ba. Tun a 1992 likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi da ake amfani da ita a duniya: idan mutum yana iya yin taku huɗu, kuma babu zafi idan an danna bayan ƙasusuwan idon sahu biyu da wasu wurare biyu a gefunan tsakiyar ƙafa, to kusan tabbas targaɗe ne, ba sai an yi hoto ba. Ke kin ce ba kya iya takawa, don haka kin shiga cikin waɗanda ya kamata a duba. Barin karayar idon sahu ba gyara, ga nauyin ciki yana ƙaruwa wata bayan wata, ya fi wannan ɗan haske haɗari nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shekarata 46, ina sana'ar hatsi. Ciwon baya ya dame ni wata biyu, na je na yi hoton maganaɗisu da kuɗina, sakamako ya ce faifai biyu sun kumburo kuma ƙashin ya fara zaizayewa. Tun daga ranar ba na iya barci don tsoron shanyewa. Shin sai an yi mini tiyata? Daga wani ɗan kasuwa a zangon Kumasi.

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Wannan tambaya ita ce kishiyar ta farko: can hoto bai nuna komai ba alhali akwai babban rauni, nan kuma hoto ya nuna abubuwa da yawa waɗanda mai yiwuwa ba su ne ke sa ka ciwo ba. A 1994 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka yi wa mutum 98 da ba sa ciwon baya ko kaɗan hoton maganaɗisu, sai aka samu kashi 52 cikin ɗari nasu suna da faifan da ya kumburo. Abin da aka rubuta maka, a mafi yawan lokuta, kamar furfura yake a ka, alamar shekaru ce da ɗaukar buhu, ba hukuncin shanyewa ba. Mai rubuta sakamakon hoto aikinsa ne ya faɗi duk abin da ya gani, amma likitan da ya duba ƙarfin ƙafarka, ya gwada jin taɓawa, ya ji tarihin ciwon, shi ne zai ce ko abin da ke hoton ya dace da abin da ke jikinka. Ina baƙin ciki da yadda mutane ke sayar da kadara su yi wannan hoto ba tare da likita ya nema ba, su dawo da takardar da ta ƙara musu damuwa. Yawancin ciwon baya yana lafawa da motsa jiki daidai gwargwado, da rage ɗaukar kaya masu nauyi na ɗan lokaci, da atisayen da likitan gashin ƙashi zai koya maka, kwanciya tsawon kwanaki kuwa ƙara shi take yi.

Amma akwai alamomin da idan ka ga ɗaya daga cikinsu ba a kwana da su a gida: kasa yin fitsari ko zubarsa ba da sani ba, kasa riƙe bayan gida, jin dindiris a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa tana rasa ƙarfi har tana jan ƙasa. Waɗannan suna nuna an danne damin jijiyoyin nan na ƙarshen laka, kuma tiyatarsu ta gaggawa ce. Akwai kuma ciwon bayan da ke zuwa da rama da zazzaɓin yamma da gumin dare, wanda a ƙasashenmu dole a yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779. Tana cin ƙashi biyu maƙwabta da faifan da ke tsakaninsu har su rufta mutum ya yi doro, eksire kuma ba ya nuna ta sai ta yi nisa, alhali hoton maganaɗisu yana kama ta da wuri, tana kuma warkewa da maganin tarin fuka idan an sha shi har ƙarshe. Tunda naka hoton bai ambaci wannan ba, ka ɗauki takardar da faifan hoton ka kai wa likitan ƙashi ya haɗa su da gwajin jikinka.

Tambaya: An sa mini ƙarfe a cinya shekara biyar da suka wuce, ina kuma da haƙorin Makka. Yanzu an ce in yi hoton maganaɗisu na wuya. Shin na'urar ba za ta fizge su ba? Daga wani direba a Garwa.

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, domin ƙarfin maganaɗisun na'urar da aka fi amfani da ita ya ninka na duniya wajen sau dubu talatin, kuma a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. Sai dai ƙarafan da ake ɗora ƙashi da su a wannan zamani, na titaniyam ne ko wani nau'in ƙarfen tiyata da maganaɗisu ba ya ja sosai, ga shi kuma naka ya daɗe da kama ƙashi, don haka galibi ba ya hana hoto, balle ma cinya tana nesa da wuya. Haƙorin zinare ba ya fizguwa, iyakarsa ya ɗan dusashe hoton abin da ke kusa da shi, amma ka nuna wa ma'aikacin, domin ba kowane haƙori mai ƙyalli ne zinare zalla ba. Waɗanda ke cikin haɗari na gaske su ne masu na'urar daidaita bugun zuciya, da masu na'urar ji da aka dasa a cikin kunne, da waɗanda aka sa wa maƙali a jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, da masu ɓarɓashin harsashi a jiki, da masu walda ko maƙera da tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu, waɗannan sai an tantance su tukuna. Ka je da takardar tiyatarka idan tana nan, ka bar zobe da agogo da makulli da wayar hannu da katin banki da duk wata laya ko guru a waje. Na'urar tana da ƙara sosai, za a ba ka abin toshe kunne, kuma za ka kwanta kimanin minti 20 zuwa 40 ba motsi. Idan kana da tsoron wuri mai ƙunci, ka faɗa wa likita tun kafin ranar domin ya ba ka maganin da zai kwantar maka da hankali, kuma idan aka ba ka shi, kada ka tuƙa mota a wannan rana.